Dodanni, Kayan Asiri da Jarumai a Wasan Tatsuniya na Kan Tebur

Gabatarwa

Abin da wannan lacca za ta yi magana a kai shi ne wani irin wasa wanda ya samo asali a ƙasar Amurka, wanda kuma za a iya cewa ya zauna ne a tsakanin dara da tatsuniya. Mutum huɗu ko biyar sukan zauna kewaye da tebur, kowanne ya ɗauki matsayin jarumi guda a cikin wani labari da ba a riga an rubuta ƙarshensa ba. Akwai kuma mutum ɗaya wanda ba shi da jarumi, aikinsa shi ne ya siffanta musu duniyar da suke ciki, ya yi magana da bakin duk wanda suka tarar a hanya, ya kuma yanke hukunci in gardama ta taso. A nan za a riƙa kiransa madugun wasa, domin aikinsa ya yi kama da na madugun fatake: shi ya san hanya, amma ba shi ke ɗaukar kayan kowa ba. Idan jarumi ya ce zai tsallake rami, ko zai sari dodo, sai a jefa ƙwaya irin ta wasan ludo, lambar da ta fito ita za ta nuna ko ya dace ko bai dace ba. Ba caca ba ce, tun da ba a sa kuɗi, ba kuma wanda ke cinye wani.

Mafi shahara daga cikin waɗannan wasanni shi ne Dungeons & Dragons, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka tsara, kamfanin TSR ya buga a shekarar 1974 a wani ƙaramin gari mai suna Lake Geneva a jihar Wiskonsin. Bugun farko kwafi 1,000 ne kacal, 'yan littattafai uku cikin kwali. Tushensa kuwa wasannin yaƙi ne da ake yi da 'yan gumakan sojoji a kan tebur, irin wanda hafsoshin Prusiya suka karɓa don horo tun 1824. Sabon abin da Arneson ya shigo da shi shi ne a bar runduna a kama mutum guda, a ba shi suna da hali, a kuma bar shi ya rayu daga wannan zama zuwa na gaba yana ƙara ƙarfi da gogewa. Daga nan ne wasan yaƙi ya rikiɗa ya zama ba da labari, shi ya sa kuma ya shiga hurumin mai nazarin adabi.

Yadda ake ƙera dodo

A shekarar 1977 kamfanin ya fitar da littafi sukutum na dodanni, Monster Manual, mai ɗauke da halittu fiye da 350, kowanne da siffarsa da mazauninsa da abincinsa da yawan saran da zai iya jurewa kafin ya faɗi. Wanda ya duba littafin da idon nazari zai ga ashe taron aro ne. An ɗauko Medusa mai gashin macizai daga labarun Girkawa, an ɗauko mutum-mutumin yumɓu mai motsi daga labarun Yahudawan Turai, an ɗauko rakshasa daga Indiya. An kwashi da yawa daga littattafan J.R.R. Tolkien, har dai a 1977 masu riƙe da hakkin sayar da kayan labarunsa suka yi barazanar kai ƙara, tilas aka sake wa gajerun mutanen nan suna daga hobbit zuwa halfling. Waɗansu dodannin ma ba su da wani asali mai daraja ko kaɗan. Dodon tsatsa da dodon nan mai jikin beyar da kan mujiya sun fito ne daga wata jakar 'yan kayan wasan yara na roba, masu araha, ƙirar Hong Kong, waɗanda Gygax ya duba ya ƙaga musu suna da hali.

To amma asalin dodo ba shi ne abin lura ba. Abin lura shi ne aikin da yake yi a cikin labari. Dodon da ba shi da kome sai ƙarfi da yawan jini, wanda za a yi ta sara har ya mutu, shi ne mafi rauni a wajen ƙira, kome girmansa. Dodo na ƙwarai kacici-kacici ne, watau yana zuwa da wata tambaya wadda takobi kaɗai ba zai amsa ba.

A ɗauki dodon tsatsa. Ba ya cin nama, ba ya ma jin wa mutum ciwon kirki. Abincinsa ƙarfe ne, duk ƙarfen da ya taɓa sai ya zama tsatsa ya marmashe. Saboda haka barden da ya sha sulke da kwalkwali, wanda kullum shi ke shiga gaba, shi ne zai koma baya yana ɓoye takobinsa, a tura mai sanda da rigar saƙi ya tare. Da ƙaramar dabba ɗaya an juya tsarin ayarin gaba ɗaya. Haka kuma ƙaton nan da ake kira troll, wanda aka aro siffarsa daga wani littafin Poul Anderson na 1961: in an sare masa hannu sai ya tsiro, in an kashe shi sai ya tashi, ba ya mutuwa sai an haɗa da wuta ko ruwan guba mai cin fata. Ayarin da bai san wannan ba zai yi ta wahala a banza. Akwai wanda ke kwaikwayon akwatin dukiya, ya yi lamo a kusurwar ɗaki har makwaɗaici ya miƙa hannu. Akwai wani dunƙulen abu mai kama da kitse, garai-garai har ana ganin bayansa, tsawonsa da faɗinsa da tsayinsa duk ƙafa 10. Dalilin wannan awo abin dariya ne: madugai na zana taswirar kogunan ƙarƙashin ƙasa a kan takardar lissafi mai gida-gida, kowane gida ƙafa 10, don haka aka ƙera dodon da zai cika lungu daidai ba tare da barin wurin raɓawa ba. Ga halitta wadda takardar zane ce ta haife ta.

Su kansu manyan macizan nan masu fiffike, waɗanda wasan ya ci sunansu, an rarraba su bisa launi domin mai wasa ya iya karanta haɗari tun daga nesa. Ja wuta yake fesawa, shuɗi tsawa, kore iska mai guba, baƙi ruwa mai ƙuna, fari kuwa sanyi mai daskarar da jini. Wanda ya ga launi ya san irin garkuwar da zai nema.

Wannan dabara ba baƙuwa ba ce ga wanda ya san labarin Bayajida. Macijin rijiyar Kusugu a Daura ba yawo yake yi yana cin mutane barkatai ba. Yana da mazauni, yana da suna, watau Sarki, yana kuma da doka: ba a ɗiban ruwa sai ranar Juma'a. Dokar nan ita ce ta sa ya zama matsalar gari duka, ita ce kuma ta sa tsohuwar da ta sauki baƙon ba ta da ruwan da za ta ba shi. Makamin da aka kashe shi da shi yana da tarihi, domin maƙeran Gaya ne suka ƙera shi. Bayan kisan kuma labari bai ƙare ba, sai da aka yi gardamar wanda ya yi aikin, har mai kan macijin ya fito da shi. Madugun da ya fahimci wannan tsari, watau mazauni da doka da makami da shaida, ya fi wanda ya haddace lambobin dodanni 350.

Abin da aka aro daga Gabas

Akwai wani rukuni na halittun wasan wanda kunnen Bahaushe zai gane nan take, domin sunayensu na Larabci ne. Tun bugun 1974 akwai aljani da ifiritu da gul. Hanyar da suka bi suka isa Wiskonsin ita ce ta Dare Dubu da Ɗaya, wanda Antoine Galland ya fara fassarawa zuwa Faransanci a 1704. Yana da kyau a tuna cewa labarin fitilar Aladdin da na Ali Baba ba sa cikin rubutun Larabcin da Galland ya yi aiki da shi. Wani matashi mutumin Halab mai suna Hanna Diyab ne ya ba shi su da baki a birnin Faris a 1709. Ke nan tun daga tushe labarun sun riga sun ratsa hannaye da yawa.

Da suka shiga wasan sai aka sake musu tsari. An raba aljannu gida huɗu bisa ga tsohon ra'ayin Girkawa na iska da wuta da ruwa da ƙasa: aljani ya zama na iska, ifiritu na wuta, maridi na ruwa, aka kuma ƙaro na huɗu don ƙasa. Wannan rabo ba shi da tushe a wurin Musulmi, waɗanda a wurinsu aljannu duka daga wuta aka halicce su, kuma akwai muminai a cikinsu akwai kafirai. Gul, wanda a wurin Larabawa wani nau'in aljani ne mai ruɗar matafiya a hamada, ya koma gawa mai tashi daga kabari. Bahamut, wanda a littattafan Larabawa na da babban kifi ne da aka ce yana ɗauke da duniya, ya wayi gari sarkin macizai masu fiffike na kirki. Birnin Tagulla, wanda a Dare Dubu da Ɗaya kufai ne da Musa ɗan Nusairu ya tarar a hanyarsa ta neman tulunan da Annabi Sulaimanu, alaihis salamu, ya kulle aljannu a ciki, ya zama babban birnin ifiritai, har an zana shi a bangon littafin madugai na 1979.

Aro ba laifi ba ne a adabi. Alhaji Abubakar Imam ya yi aro daga Larabawa da Indiyawa da Jamusawa a Magana Jari Ce, ya kuma mayar da abin da ya aro ɗan gida. Inda magana take shi ne bambanci tsakanin aron tatsuniya da aron abin da mutane suka yi imani da shi. A shekarar 1980 kamfanin ya buga wani littafi, Deities & Demigods, inda ya jera abubuwan bautar al'ummu daban-daban, har da waɗanda miliyoyin mabiya addinin Hindu ke bauta wa, ya ba kowanne lambar ƙarfi da ta jini kamar sauran dodanni. Abin da aka ba lambar jini kuwa an nuna ke nan ana iya kashe shi. A cikin Amurka ma wasan ya sha suka daga waɗansu Kiristoci a shekarun 1980, waɗanda suka zarge shi da koya wa yara tsafi, har ya zama a bugun 1989 an cire kalmomin shaiɗanu daga littattafan aka maye gurbinsu da sunayen ƙage. Zargin tsafin ba shi da ƙarfi, domin babu wanda ya taɓa koyon sihiri ta jefa ƙwayar roba. Amma duk wanda zai tsara wasa da kayan ƙasar Hausa ya kamata ya san cewa Dodon tatsuniya daban, iskokin bori daban. Na farko kowa ya yarda ƙage ne, shi ya sa ake rufe tatsuniya da ƙurungus. Na biyu kuwa akwai masu girka su, akwai masu tsoronsu, akwai malaman da ke wa'azi a kansu, kuma ba ɗaya daga cikin waɗannan da zai ɗauki abin wasa.

Kayan asiri

Mafi yawan kayan asirin da ke cikin littattafan wasan ba su da daɗin ji. Takobi ne mai ƙara maki 1 ga sara, ko sulke mai rage maki 1 ga damar da abokin gaba ke da ita ta samun jiki. Wannan lissafi ne kawai aka sa wa rigar asiri. Waɗanda suka yi suna su ne masu sharaɗi ko masu haɗari. Akwai jakar da cikinta ya fi wajenta girma, wadda bisa ga bugun 2014 take ɗaukar kaya mai nauyin laba 500 alhali ita kanta ba ta wuce laba 15 ba. Amma tana da 'yar'uwa mai kama da ita sak, wadda bakin wata halitta ce, abin da aka zuba a ciki ya tafi ke nan, wani lokaci har da hannun mai zubawa. Akwai kartar da in mutum ya zari ɗaya zai iya samun gidan sarauta, zai kuma iya rasa duk abin da ya mallaka ko a ɗaure ransa a wani wuri. Akwai takubba masu hankali da son zuciya, waɗanda aka aro daga labarun Michael Moorcock, masu iya rinjayar mai riƙe da su har ya zama takobin ne ke da mutum. Mafi muni su ne Hannu da Idon Vecna, waɗanda suka fito a 1976: ba su aiki sai mutum ya yanke nasa hannun ko ya ƙwaƙule nasa idon ya dasa su a gurbin. Sunan Vecna kuwa juya haruffan sunan marubuci Jack Vance ne, wanda daga littafinsa na 1950 aka ɗauko dokar nan cewa mai sihiri yakan haddace addu'arsa da safe, in ya yi amfani da ita sau ɗaya sai ta goge daga kansa.

Dalilin duk waɗannan sharuɗɗa a fili yake. Abin da ke biyan kowace bukata ba tare da farashi ba yana kashe labari, domin in jarumi na da zoben da ke warware kome, ba sauran abin da za a zauna a saurara. Shi ya sa bugun 2014 ya kafa doka cewa mutum ɗaya ba zai ɗaura wa kansa manyan kayan asiri fiye da uku a lokaci guda ba.

A nan al'adar Hausa tana da abin da ya fi dokar lamba kyau, watau makari. A yadda masu riƙo da waɗannan abubuwa suke faɗi, kowane asiri yana da abin da ke karya shi da kuma abin da aka hana mai shi. Sunayen kansu sun isa su cika babi. Layar zana da baduhu na ɓacewa ne daga idon abokin gaba. Kau-da-bara na sa kibiya ko harsashi ya kauce. Sagau na sandarar da hannun wanda ya ɗaga makami. Maganin ƙarfe na 'yan tauri na hana wuƙa cin jiki. Ba a nan ake tattauna ko suna ci ko ba su ci ba, ko matsayinsu a shari'a, wannan fagen malamai ne. Abin da ya shafi mai tsara labari shi ne kowannensu abu ɗaya tak yake yi. Mai maganin ƙarfe bai tsira daga kulki ba, bai kuma tsira daga ruwa ba. Wannan ƙuncin aiki shi ke buɗe wa abokin hamayya ƙofar dabara, kuma daga neman makari ne rabin labari ke fitowa.

Jarumi da halinsa

A tsohon tsari mai wasa ba ya zaɓen baiwar jaruminsa. Yakan jefa ƙwayoyi uku masu fuska 6 don kowace siffa daga cikin shida, watau ƙarfi da basira da hikima da juriya da zafin nama da farin jini, jimla ta faɗo tsakanin 3 da 18. Samun 18 sau ɗaya ne cikin 216, saboda haka galibin jarumai tsaka-tsaki ne, waɗansu ma nakasassu ta wani fanni. Sana'o'in farko uku ne: mayaƙi da mai sihiri da malamin addini mai warkarwa. A 1975 aka ƙaro ɓarawo, mai buɗe kwado da gano tarko. An tsara su ne yadda ba wanda zai wadatu da kansa, mayaƙi na bukatar mai ɗaure masa rauni, mai sihiri na bukatar wanda zai tsaya a gabansa.

Sana'a dai ba hali ba ce. Bugun 2014 ya gane haka, ya bukaci mai wasa ya rubuta abin da jaruminsa ya ƙudurta a rai, da wanda yake da alhaki a kansa, da kuma aibinsa. Aibin nan ya fi sauran amfani. Alhaji na cikin Ruwan Bagaja, wanda aka buga a 1934, yana da manufa mai kyau, ya fita neman ruwan da zai warkar da ɗan sarki. Amma abin da ke riƙe mai karatu shi ne wayonsa da ƙaryarsa da ramuwar gayyar da ke tsakaninsa da Malam Zurƙe daga gari zuwa gari. Sana'o'in gargajiya ma kowace na zuwa da nata alhaki. Maharbi ya san daji amma baƙo ne a fada. Maroƙi na shiga inda barde ba ya shiga, makaminsa kuwa zambo, sai dai cikinsa a hannun ubangidansa yake. Falke ya san harsuna da hanyoyi, kuma akwai bashi a kansa a kowane zango. Maƙeri ba ya tsoron wuta, sarkin ruwa ba ya tsoron kogi, kowannensu kuma yana da sirrin gidansu da ba zai faɗa ba ko da ayari zai halaka.

Akwai wata matsala da ta daɗe tana bin wasan, wadda ta haɗa jarumi da dodo wuri ɗaya. Tsofaffin littattafan sun ɗauki waɗansu jinsuna masu hankali da harshe da iyali, kamar orc, suka ce mugaye ne tun daga haihuwa, don haka kashe su da kwashe dukiyarsu halal ne. Jinsin drow kuwa, mazauna ƙarƙashin ƙasa, an ba su baƙar fata aka haɗa da mugunta, alhali 'yan'uwansu na kirki farare ne. Wanda ya karanta yadda littattafan zamanin mulkin mallaka suka siffanta mutanen Afirka ba ya bukatar a yi masa bayanin inda wannan hoto ya fito. Abin mamaki, jarumin da ya fi kowa farin jini a littattafan labarin wasan, Drizzt, wanda R.A. Salvatore ya ƙaga a 1988, ɗan wannan jinsi ne da ya ƙi halin danginsa. Kamfanin Wizards of the Coast, wanda ya sayi TSR a 1997, ya fito a 2020 ya amsa cewa siffanta waɗannan jinsuna haka kuskure ne, a 2022 kuma ya sanar da daina amfani da kalmar da ke nufin launin fata wajen rarraba su. Waɗansu marubuta ba su jira kamfanin ba, sun tsara nasu duniyoyin bisa labarun Afirka, kamar Nyambe a 2002 da Spears of the Dawn a 2013.

Saura Gizo. Duk wanda ya ji bayanin wannan wasa daga cikin masu jin Hausa, shi zai fara cewa zai ɗauka, kuma shi ne mafi wuyar ɗauka. Gizo a tatsuniya shi kaɗai yake cin riba, yakan cuci kura da zaki, yakan cuci Ƙoƙi matarsa, mai sauraro kuma na dariya domin ba abincinsa aka cinye ba. A kan tebur kuwa waɗanda zai cuta mutane ne zaune kusa da shi, waɗanda suka yi wata uku suna tara abin da zai sace a dare ɗaya. Madugai da suka ƙware sukan bi ɗayan hanya biyu. Ko dai a yi yarjejeniya tun kafin a fara cewa wayon Gizo a kan mutanen cikin labari zai ƙare, ban da abokan tafiya, ko kuwa madugu ya riƙe Gizo a hannunsa, ya sa shi ya zama wanda ayari ke tararwa a mararraba, yana tsamin baki, yana rantsuwa cewa ya san gajeriyar hanya zuwa rijiyar.